Tarihin Thomas Huxley, Malamin Da Ya Ɗora Kwaɗo A Kan Teburin Ɗalibi

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau za mu kawo wa masu karatu labarin wani Bature mutumin Ingila, Thomas Henry Huxley, wanda ya mutu tun cikin shekarar 1895. Galibin mutanenmu ba su taɓa jin sunansa ba, amma kuwa duk yaron da ya zauna jarrabawar ilmin halittu ta ƙarshen sakandare ya taɓa cin karo da aikinsa. Ranar da aka shigar da ɗalibai ɗaki, ko 'yan Nasarawan Doya ne, ko na Makarfi, ko Ikara, ko Kudan, aka ajiye wa kowa ƙashi da ganye da ƙwaro a kan tebur, aka ce ya duba ya zana abin da ya gani, sa'an nan ya faɗi inda suka yi kama da inda suka bambanta, to, hanyar Huxley ce ake bi. Haka kuma babin nan na juyin halitta da ke cikin manhajar ajin ƙarshe, wanda malamai da yawa kan bi ta kansa a gurguje don gudun surutu, Huxley ne ya fi kowa shan wahalar bayyana shi ga ɗalibai da talakawa a zamanin da maganar take sabuwa.

An haife shi ran 4 ga watan Mayu, 1825, a wani ƙauye da ake kira Ealing, wanda yanzu birnin Landan ya haɗiye. Ubansa malamin lissafi ne a wata makaranta da ke garin, shi kuwa shi ne na bakwai cikin 'ya'ya takwas. Shekara biyu tak ya yi a aji, daga yana ɗan shekara takwas zuwa goma, sai al'amuran makarantar suka taɓarɓare, uban ya kwashe iyalinsa suka koma garin Coventry cikin talauci. Daga nan yaro ya zama malamin kansa. Ya koya wa kansa Jamusanci, ya riƙa karanta littattafan ilmin duwatsu da na manɗiƙi da dare a hasken kyandir. Da ya tasa sai aka ba shi ga mijin yayarsa, wanda likita ne, don ya koyi sana'a, daga baya kuma ya yi aiki a hannun wani likita a unguwar matalauta ta bakin tashar jiragen ruwa a Landan. Yunwa da cutar da ya gani a wannan unguwa ba su taɓa fita daga ransa ba, su ne kuma suka sa duk rayuwarsa ya damu da ilmin 'ya'yan talakawa.

A cikin 1842 ya sami gurbin karatu kyauta a asibitin Charing Cross. Yana ɗan shekara 20 ya gano wata 'yar fata siririya a cikin saiwar gashin mutum wadda ba wanda ya taɓa lura da ita, har yau kuwa da sunansa likitoci suke kiranta. Amma bashi ya yi masa katutu, bai tsaya ya ƙarasa jarrabawar digiri ba. Sai ya shiga aikin sojan ruwa, aka sa shi mataimakin likita a wani jirgi mai suna Rattlesnake, wanda ya tashi cikin watan Disamba, 1846, don auna hanyoyin teku a gaɓar Ostireliya da tsibirin New Guinea.

Shekara huɗu ya yi a wannan tafiya. Yakan jefa koma a bayan jirgi ya kamo waɗansu halittun teku masu jiki kamar kaki, waɗanda sukan narke in sun daɗe a waje, ya ɗaure madubin likitansa a jikin tebur don kada tangal-tangal ɗin jirgi ya kayar da shi, ya feɗe su ya zana. Ya lura cewa jikinsu duka a kan fata biyu aka gina shi, ta ciki da ta waje, kamar yadda ɗan tayi na manyan dabbobi yake farawa. Takardar da ya aika gida a kan wannan, aka buga ta a 1849, ita ta fito da sunansa. Da ya komo, ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Ingila da ake kira Royal Society ta ɗauke shi cikin wakilanta a 1851, ta kuma ba shi lambar girma a shekara mai bi mata. Sai dai lambar girma ba ta sayen abinci. Ya nemi aikin koyarwa a jami'o'i da dama, har da ta Toronto a Kanada, duk aka hana shi. Yarinyar da ya yi wa alkawarin aure a birnin Sidini tun 1847, Henrietta Heathorn, sai da ta jira shi shekara takwas. A 1854 ne ya sami aikin malanta a makarantar gwamnati ta koyon haƙar ma'adinai a Landan, suka yi aure a 1855, ya kuma riƙe wannan aiki har shekara 31.

Haɗuwarsa da Darwin

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, da farko Huxley bai yarda da juyin halitta ba. A 1854 ya yi kaca-kaca da wani littafi da ya yi tashe a lokacin, wanda ke cewa halittu suna sauyawa daga wani jinsi zuwa wani, domin marubucin bai kawo hujja ba, bai kuma faɗi hanyar da sauyin yake bi ba. Sai ran 24 ga watan Nuwamba, 1859, littafin abokinsa Charles Darwin a kan asalin jinsunan halittu ya fito.

Maganar Darwin ba ta da wuyar ganewa ga wanda ya tashi a karkara. Manomi yakan ware zangarniyar dawa mafi cika ya ajiye don iri, makiyayi yakan zaɓi bijimin da zai bari a garke ya dandaƙe saura. Da irin wannan zaɓe, bayan zuriya mai yawa, aka sami kaura daban da farfara, aka sami shanu iri-iri. Darwin ya ce haka abin yake a daji, sai dai a can fari da yunwa da cuta da maƙiya su ne suke tankaɗe da rairaya. Kowace halitta tana haifar fiye da abin da zai rayu, 'ya'yan kuma ba su zama daidai da juna, wanda sifarsa ta fi dacewa da wurin zamansa shi ya fi tsira ya bar baya, 'ya'yansa su gaji sifar. In zamani ya yi tsawo ƙwarai, sai zuriyar ta yi nisa da kakanninta.

Huxley ya karanta, ya ga a nan an sami abin da za a iya gwadawa. Ya rubuta sharhin littafin a jaridar Times ran 26 ga watan Disamba na shekarar, ba tare da sa sunansa ba. Darwin mutum ne mai yawan rashin lafiya, ba ya son taro, saboda haka Huxley ya zama bakinsa a bainar jama'a. Daga baya har laƙabi aka yi masa da karen Darwin, wanda a wurin Turawa yabo ne na mai tsaron gida, ko da yake a wurinmu da faɗa za a rabu.

Karon da aka fi ba da labari shi ne na Oxford, ran 30 ga watan Yuni, 1860, inda Bishof Samuel Wilberforce ya yi masa ba'a a gaban taro, ya tambaye shi ko ta wajen kakansa namiji ne ko ta wajen mace ya haɗa jini da biri. Huxley ya mayar masa da cewa dangantaka da biri ba za ta ba shi kunya ba kamar dangantaka da mutum mai basira da ke amfani da ita wajen rufe gaskiya. Ba wanda ya rubuta kalmominsu a lokacin, waɗanda suka halarta kuma sun saɓa wa juna, kowane ɓangare ya koma gida yana ganin shi ya yi nasara. A ganinmu an kambama wannan rana fiye da kima. Aikin da ya dawwama a wani wuri aka yi shi. Bayan wata uku da taron kuma babban ɗansa Noel ya mutu yana gab da cika shekara huɗu, abin da ya girgiza shi ƙwarai.

Tun 1855 Huxley ya fara yi wa leburori da masu sana'ar hannu lacca da dare, sisi kacal suke biya su saurari lacca shida. A cikin 1862 ya keɓe laccocin shida ga maganar Darwin, wani ya rubuce su aka buga, Darwin da kansa ya yaba. Da tantabaru ya kafa misali, domin leburorin Landan masu kiwon tantabara ne kamar samarinmu. Ya nuna musu mai buɗaɗɗiyar wutsiya, da mai kumburin maƙoshi, da mai alkafura a sama, duk kuwa daga tantabarar daji guda aka fitar da su. Amma a nan ne halinsa ya fito fili, domin bai ɓoye musu raunin hujjar ba. Duk tantabarun nan in aka haɗa su suna ƙyanƙyasa, 'ya'yansu ma su ƙyanƙyasa. Doki da jaki kuwa, waɗanda jinsi biyu ne, alfadari suke haifa, alfadari kuma ba ya haihuwa. Sai ya gaya musu cewa muddin ba a ga zaɓe ya fitar da iri biyu daga tushe guda waɗanda suka kasa haihuwa da juna ba, to, bayanin Darwin shi ne mafi kyau da ake da shi, amma bai gama tabbata ba. A kan wannan ra'ayi ya zauna shekara da shekaru, duk da matsin abokinsa.

Bai ga amsar ba a rayuwarsa. A cikin shekarun 1920 wani masani ɗan Rasha, Karpechenko, ya haɗa kabeji da wani ɗan'uwansa mai saiwa, ya sami sabon tsiro da ke yin iri da 'yan'uwansa amma da ƙyar yake haɗuwa da iyayensa. Zaɓen da yanayi ke yi kuwa, a ƙasarmu ma an gan shi ƙiri-ƙiri. A 1954 aka fara feshin maganin sauro a ɗakunan ƙauyukan yammacin Lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi, da wani magani mai suna Dieldrin. Kafin shekara biyu ta cika maganin ya daina kashe sauron. 'Yan kaɗan da jikinsu ke jure dafin su suka tsira, su suka hayayyafa, har suka cika ƙasar. Irin haka ya sami kulorokwin, wanda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta gagare shi, har Nijeriya ta sauya magani a 2005.

Ƙasusuwa, tsuntsaye da dawaki

Huxley masanin ƙashi ne, hujjojinsa kuma daga ƙashi suka fi fitowa. Yakan jera hannun mutum da fiffiken jemage da na tsuntsu da ƙafar gaba ta dabba, ya nuna cewa fasalin guda ne: ƙashi ɗaya a sama, biyu a ƙasansa, sai ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu, sai yatsu, an dai miƙe wani an gajarta wani, wani kuma ya manne da ɗan'uwansa. A 1863 ya buga littafi a kan matsayin mutum a cikin halittu, inda ya gwama ƙasusuwa da ƙwaƙwalwar mutum da na manyan birai marasa wutsiya. Babban masanin ƙashi na zamanin, Richard Owen, ya ce akwai wani sashe a ƙwaƙwalwar mutum da babu shi a ta biri. Huxley da abokansa suka feɗe suka nuna akwai shi. A cikin littafin ya duba ƙoƙon kan nan da aka tono a kwarin Neander na Jamus a 1856, ya kuwa yanke cewa na mutum ne, ba wata halitta ce tsakanin mutum da biri ba, alhali da ya ce haka ne da ya ƙara wa ɓangarensa ƙarfi.

A 1868 ya fito da wata magana da aka ɗauka almara ce, cewa tsuntsaye dangin dabbobin nan ne na da can masu kama da ƙadangaru, waɗanda ake kira dainoso. Ya gwada ƙugu da ƙafar jimina da na dainoso, ya ga kusan abu guda ne. Ya kuma kafa hujja da wata halitta da aka samu cikin dutse a Jamus a 1861, mai gashin tsuntsu amma da doguwar wutsiya ta ƙashi da farata a fiffike. An yi watsi da wannan ra'ayi na tsawon lokaci, sai ga shi daga 1996 an shiga tono dainoso masu gashin tsuntsu a ƙasar Sin, yanzu kuwa shi ne abin da masana suka tafi a kai.

A wannan shekara ta 1868 ya yi wa leburorin birnin Norwich wata lacca da ta shahara, bai riƙe kome a hannu ba sai guntun alli irin wanda garin nasu ke zaune a kansa. Ya nuna musu cewa in aka sa shi a madubi, tarin ɓawon ƙananan halittun teku ne, watau ke nan inda suke zaune ƙasan teku ne a da, kuma tarin da ya kai wannan kauri ba a shekara dubu kaɗan ya taru ba. Malamin da ke Arewa yana da irin wannan alli. Farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato don yin siminti cike take da ɓawon halittun teku. A wajen Goronyo an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku da ta rayu fiye da shekara miliyan 65 da suka wuce, har masana suka raɗa mata sunan garin. A Gadoufaoua ta ƙasar Nijar kuma an haƙo dainoso da kada mai tsawon kamu fiye da ashirin.

Labarin doki ya fi kowanne daɗin ji. Doki a kan yatsa guda yake tafiya, kofatonsa kuwa farcen wannan yatsa ne. In aka feɗe ƙafarsa, ko ta jaki, za a ga siraran ƙasusuwa biyu manne a gefen ƙashin da ke ƙasan gwiwa, waɗanda ba su kai ƙasa ba. Huxley ya ɗauke su ragowar yatsu ne, yana kuma koyar da cewa a ƙasar Turai doki ya samo asali. A 1876 ya ziyarci Amurka, ya sauka wurin Farfesa Othniel Marsh na Jami'ar Yale, wanda ya tara akwatunan ƙasusuwa daga yammacin ƙasar. Suka yi kwanaki suna buɗe akwati. Ga wata dabba da ba ta fi dila girma ba mai yatsu huɗu a ƙafar gaba, ga ta bayanta mai uku, ga wata mai uku amma na gefe sun daina taɓa ƙasa, ga kuma mai guda, kowacce daga shimfiɗar dutsen da ta dace da zamaninta. Nan take Huxley ya saki ra'ayinsa na da, ya sake rubuta laccar da zai yi a New York, ya yarda Amurka ce tushen. Masana na yanzu sun nuna cewa tarihin doki ya fi kama da itace mai rassa da yawa, mafi yawansu sun bushe, ba igiya ce miƙaƙƙiya kamar yadda shi da Marsh suka zana ba. Amma ƙasusuwan suna nan, kowa na iya zuwa ya gani.

Ba wannan ne kaɗai karon da ya janye magana ba. Ya taɓa sanar da gano wata halitta mai yauƙi a cikin taɓon ƙasan teku, har ya sa mata suna. Da aka tabbatar cewa barasar da aka adana taɓon a ciki ce ta haddasa yauƙin, sai ya fito gaban taron masana ya karɓi kuskurensa.

Ajin South Kensington

Yanzu sai mu zo ga aikin da ya sa muka ɗauko tarihinsa. A zamaninsa ilmin halittu hadda ce kawai. Malami ya karanto sunaye daga littafi, yara su maimaita, a fito ba wanda ya taɓa ganin zuciyar dabba. Huxley ya ga cewa gyara daga malamai zai fara. A lokacin hutun 1871 ya tara malaman makarantu daga sassan ƙasar a unguwar South Kensington ta Landan, ya yi musu kwas na mako shida. Da safe ya yi musu lacca ta sa'a guda, yana zane a allo da alli mai launi, domin gwanin zane ne. Sauran yinin kuma a ɗakin gwaje-gwaje ake yin sa, kowa da madubinsa da asakarsa, kowa sai ya nemo da hannunsa abin da aka faɗa da safe, ya zana shi kamar yadda ya gan shi. Samarin da suka taimaka masa, irin su Michael Foster da Ray Lankester, daga baya su suka zama manyan farfesoshi a jami'o'in Ingila.

Dabarar da ya yi ita ce, maimakon ya bi dubban halittu sama-sama, sai ya zaɓi 'yan kaɗan da kowacce ke wakiltar babban gida. Ana farawa da yis ɗin da ke kumbura burodi, a zo kan fumfuna, a zo kan wake, a wuce zuwa jatan lande, a ƙare da kwaɗo. Wanda ya san kwaɗo ciki da bai, in aka ba shi ɓera ko kaza ba zai ɓata ba. A 1875 shi da Newell Martin suka mayar da kwas ɗin littafi. Martin ya kai hanyar Amurka, sauran almajiran suka watsa ta a jami'o'i da makarantun Ingila, daga can ta biyo jarrabawar Turawa ta iso ƙasashen da suka mallaka, har ta zauna a cikin jarrabawar Hukumar WAEC da aka kafa a 1952. A wani littafin da ya rubuta wa yara a 1877, da kogin Thames na ƙofar gidansu ya fara musu bayanin duniya. Da a ƙasar Zazzau yake, da Galma zai fara, da fadamun rake.

Abin mamaki, a cikin wannan aji ba ya yawan ambaton juyin halitta. Wani limamin Katolika da ya yi karatu a gabansa ya lura da haka har ya tambaye shi dalili. Huxley ya bayyana masa cewa a aji yana da lokacin da zai shimfiɗa wa ɗalibai abubuwan da aka tabbatar ɗaya bayan ɗaya, ra'ayinsa na kansa kuwa a laccar jama'a yake faɗinsa. Watau bai yarda ya ɗora wa yaro hukunci ba tun bai ga shaidu ba. Mu a nan sau da yawa akasin haka muke yi. Ana rubuta wa yara sunan Lamarck da na Darwin a allo, a jero musu hujjoji huɗu ko biyar su haddace, su zuba a takardar jarrabawa, su fito ba su fahimta ba balle su iya musu da hankali. Uzurin da ake kawowa shi ne rashin kayan aiki, kuma gaskiya ne makarantun karkara da yawa ba su da madubi ko guda. Amma ƙashin akuya yana wurin mahauta, fiffiken kaza yana madafa, jemage yana bisa itace, kwaɗi sun cika kududdufi da damina, ga kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru nan kusa, wadda aikinta ke nan fitar da sababbin iri ta hanyar zaɓe.

Ba za mu tsallake maganar addini ba, domin ita ce ke sa malami yin ɗari-ɗari, iyaye kuma su ɗaure fuska. Huxley ba mai addini ba ne. A 1869 ya ƙirƙiro wa kansa suna na mutumin da ya ce shi bai san gaibu ba, ba ya tabbatarwa ba ya korewa, wannan kuwa ya saɓa wa imanin Musulmi da na Kirista baki ɗaya. Duk da haka, da aka zaɓe shi cikin hukumar makarantun Landan ta farko a 1870, ya goyi bayan a riƙa karanta Baibul a makarantu, abin da ya ba abokansa mamaki. A wajenmu, malaman addini da yawa sun yi watsi da abin da ya shafi asalin mutum saboda abin da ya zo game da halittar Annabi Adamu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, waɗansu kuma suna bambanta wannan da sauyawar dabbobi da tsirrai, wadda ba su ga laifinta ba. Lura da halittu kuwa ba baƙon abu ba ne a tarihin Musulmi, domin Al-Jahiz na Basra ya rubuta babban littafi a kan dabbobi shekara dubu kafin Darwin, ko da yake kuskure ne a ce abin da Darwin ya faɗa shi ya faɗa. Ra'ayinmu shi ne, yaron da zai zama likita ko malamin gona dole ya san dalilin da ke sa magani ya daina ci, ya kuma san abin da masana kimiyya suka ce da hujjar da suka dogara a kai, ba tare da an mayar da aji dandalin zagin aƙidar kowa ba.

Akwai kuma tabon da bai kamata a rufe wa mai karatu baƙar fata ba. Huxley ya ƙi bauta, kuma a 1866 ya shiga kwamitin da ya nemi a gurfanar da Gwamna Eyre na Jamaika, wanda a ƙarƙashinsa aka kashe baƙar fata fiye da 400. Amma a wata maƙala ta 1865 ya rubuta cewa baƙar fata ba zai kamo Bature a basira ba. A nan mai neman hujja ya yi magana ba hujja, ya bi son zuciyar zamaninsa, ilmin gado na yau kuwa ya rushe wannan zance. Saboda wannan ne a 2021 wani kwamiti na Kwalejin Imperial ta Landan, magajiyar makarantarsa, ya ba da shawarar a cire sunansa daga wani gini. A 2022 kwalejin ta bar sunan, bisa sharaɗin a riƙa bayyana tarihin nasa duka, mai daɗi da marar daɗi.

Yawan aiki ya karya shi a 1872, har likitoci suka tura shi Masar ya huta. A shekara mai zuwa abokansa suka tara masa fam 2,100, Darwin ya aika masa don ya biya bashi ya nemi lafiya. Ya shugabanci Royal Society daga 1883 zuwa 1885, sa'an nan ya yi ritaya. Cikin ɗalibansa na ƙarshe har da H. G. Wells, wanda ya zama mashahurin marubuci. A 1893 ya koma Oxford ya yi laccarsa ta ƙarshe mai girma, inda ya ja kunnen masu cewa tun da a daji mai ƙarfi ke danne marar ƙarfi, to, haka ya kamata al'umma ta zauna. Ya ce aikin ɗan Adam shi ne ya yaƙi wannan hali, ya tallafi mai rauni. Ya mutu a garin Eastbourne ran 29 ga watan Yuni, 1895, yana da shekara 70, aka binne shi a Finchley kusa da ɗansa Noel.

Cikin jikokinsa, Aldous ya zama marubuci, Andrew ya sami kyautar Nobel a 1963 saboda bincikensa a kan jijiyoyi. Julian kuwa shi ya gaji fannin kakan, ya rubuta littafin da ya haɗa bayanin Darwin da ilmin gado a 1942, ya kuma zama shugaban UNESCO na farko a 1946. Wannan Julian ya zo Nijeriya a 1944 cikin kwamitin Elliot, wanda Gwamnatin Ingila ta aiko ya duba maganar ilmi mai zurfi a Afirka ta Yamma. Rahoton kwamitin ne ya haifar da Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda ta buɗe a 1948 da ɗalibai 104, shekara 14 kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.